Bangon Kicin Ɗin Kaka Casilda

Portobelo, 9 ga Yuni, 1979

Yaya Aracelis,

Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku zuwa can birnin David. Ina fata aikin asibiti bai tsotse ki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Kaka da ke tashi duk ranar da hadari ya haɗu, wato kullum. Hannun Kawu Ceferino da ƙugiya ta huda ya warke, ya koma teku, yana ta zagin kifaye wai sun yi wayo. Littattafai ukun da kika aiko sun iso. Na farkon sau biyu na karanta shi, kuma duk a wuri ɗaya na yi kuka.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna, akwai magana.

Kin san ɗan ɗakin gadin nan na ƙarshen ganuwar San Jerónimo, inda nake ɓuya da littafi in na taso daga makaranta. Ranar Talata ina ciki ruwa ya kece, sai ga wani ya faɗo a guje, ya rufe takardu da rigarsa. Ɗakin da mutum biyu ma da ƙyar! Na rasa inda zan sa kaina. Ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri ƙanwata, ashe fadar tana da sarauniya." Na koma kan karatuna. Har ruwan ya ɗauke, layi ɗaya nake kallo a littafin.

Sunansa Leonel, ɗalibi ne daga babban birni, zane yake yi. Yana zana igwa, da ƙofofin da suka rushe, har da ungulayen da ke shanya fiffike a kan bango. Akwai tef na awo, rawaya, a aljihunsa, wai don zanen ya fito daidai. Ni nake riƙe masa bakin tef ɗin yanzu. Yaya, wurin nan da mu muke gani filin awaki ne da wajen shanya, shi in ya taɓa dutsen sai ki ce jikin majinyaci yake taɓawa. Ya ce min daga cikin teku aka yanko duwatsun suna da taushi, sai da suka sha iska suka yi tauri. Kaka ta gaya mana haka sau ɗari, amma na yi kamar yau na fara ji, don kawai ya ci gaba da magana.

Jiya ya tambaye ni ina ne gidanmu. Na nuna masa wajen rafi da baki. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Zan so in ga gidan nan wata rana." Me hakan ke nufi? A littafi na biyu, daga irin wannan maganar komai ya fara.

Ban gaya wa Kaka ba. Tun bara da mutanen birni suka shafa jan fenti a gidajen da ke manne da ganuwar gabas, aka kwashe masu su aka kai kan tudu nesa da kwalekwalensu, ba ta ƙaunar ganin baƙo da takarda. Dokarta ta ƙara tsauri: baƙo iyakarsa baranda, ba ya taka kicin. Kin dai san dalili. Bangon bayan nan ba kakanmu ne ya gina shi ba, ragowar tsohuwar ganuwa ya samu a tsaye ya jingina gida a jikinta, shi ya sa muke lafta masa farar ƙasa duk Oktoba don kada a gane. Amma Leonel ba irinsu ba ne. Shi ba ya yawo da fenti.

Ki rubuto da wuri, kaina ya cika.

Ƙanwarki,
Briseida

David, 21 ga Yuni

Briseida, uwar mafarki,

Ina gaida ke, ina gaida Kaka da Kawu. Ni lafiyata ƙalau, ƙafafuna ne dai suke kumbura saboda tsayuwa. Ki ce wa Kaka ta daina wanki a durƙushe.

A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin ɗakin haihuwa, na kusa zubar da tiren da ke hannuna. Shekararki goma sha shida. Namiji, ɗan ɗakin da ba ya cin mutum biyu, ruwan sama. Sau uku na karanta wurin nan, sauran wasiƙar kuwa sama-sama na bi ta. Ni na jawo, da nake aiko miki littattafan nan. Kin san 'yan mata nawa masu shekarunki nake karɓar haihuwarsu a nan, kuma kowace labarinta da "ba irinsu ba ne" yake farawa?

Saurara. Daga yau ba ke ba zuwa ganuwa ke kaɗai. Tunda ya ce yana son ganin gida, madalla. Wanda ya nemi gida ya fi wanda ya nemi lungu. Ki kawo shi. In yana da gaskiya zai zo, in ba shi da ita za ki ga bayansa a motar Colón.

Wannan na ƙasa ki karanta wa Kaka, kuma kada ki tsallake ko kalma ɗaya, zan tambaye ta:

Kaka, ina durƙusawa ina gaishe ki. Akwai wani yaro da ke bin Briseida. Don Allah a yi masa yadda aka yi wa Babanmu, Allah ya ba shi hutawa, lokacin da ya zo neman Mama. A gidanmu ba a gane namiji a baranda, kowa ya iya zama da kyau a kan kujera. Ki shigar da shi kicin, ki ɗora shi a kan magogin kwakwa, ki zuba masa ido. Mai gaggawa yatsunsa yake gogewa, mai girman kai ba ya gama ta biyu. Abin da kika gani a sanar da ni.

Ke kuma 'yar rainin wayo, ki daina jan fuska, na san kina yi.

Yayarki,
Aracelis

Portobelo, 2 ga Yuli

Yaya,

Muna gaisuwa. Kowa lafiya, ruwa dai bai bar mu mun shanya ko ɗankwali ba tun makon jiya.

Na karanta wa Kaka, ban tsallake komai ba. Ta ajiye cokali ta ce, "Ke? Ke da ko kaza ba kya iya kora da baki, har kin samo namiji? Makaho ne?" Ta yi dariya har da hawaye. Ta tambayi sana'arsa, na ce zane. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya zo, da burodi mai zabibi a takarda. Na sa rigata ruwan ƙwai. Kaka ta ƙare masa kallo tun daga takalmi ta ce, "Kai ne mai zanen? A garinku ba a cin abinci ne?" Ya yi dariya ya ce ana ci, ba ya kama shi ne. Ta ce, "Biyo ni." Yaya, da ƙafarta ta wuce baranda da shi. Na bi bayansu da sauri, don na san wanda ake kaiwa kicin.

Ta dire masa kwakwa uku. Kin san magogin yana fuskantar bangon baya, kuma damina ta ɓare farar ƙasar a wurare da yawa, dutsen ya fito da ramukansa. Ya goge ta farko lafiya. A ta biyu sai hannunsa ya rage sauri. Can na ga jini a yatsansa, shi bai ma sani ba.

Ya ce, "Kaka, wannan 'yar tagar fa?"

Ta ce, "Ba taga ba ce. Wurin gishiri ne da ashana."

Ya ce, "Ai kafar bindiga ce. Dubi yadda take da faɗi ta ciki, ta tsuke ta waje."

Ta ce, "To a gidan nan gishiri take harbawa. Goge kwakwarka, shinkafa na jira."

Da ta fita bayan gida yanko agade, sai ya miƙe ya fito da kyamara ya ce in tsaya a jikin bangon zai ɗauke ni hoto. Ni! Ya ce in miƙe sosai, in haɗa ƙafafu, kada in karkatar da kai. Har sau uku ya ɗauka. Ban taɓa jin na yi kyau irin na lokacin ba. Daga nan ya fito da tef, na riƙe masa baki kamar kullum. Muna cikin haka Kawu ya shigo da kifi. Ya dubi tef, ya dube ni, ya ajiye kifin a ƙasa, ba a faranti ba, ya juya. Bai dawo cin abinci ba. Kin san halinsa da baƙi.

Leonel ya ci shinkafa da kwakwa faranti biyu, Kaka ta ce to yanzu ya fara zama mutum. Bayan ya tafi na tambaye ta abin da zan rubuto miki. Ta ce, "Ki ce ya iya gaisuwa, ya gama kwakwa uku, bai yi ƙorafi ba. Amma idonsa ba a kanki yake ba." Ni dai ina ganin idon Kaka ne ya tsufa. Wanda idonsa ba ya kaina zai ɗauke ni hoto har uku?

Gobe zai koma birni. Ya yi alkawarin aiko min da hoton. Na riga na zaɓi shafin da zan ajiye shi.

Taki,
Briseida

David, 6 ga Agusta

Briseida,

Ina fata kuna lafiya, don ni ban san komai ba. Wannan ce wasiƙata ta uku ba amsa. Kaka ce ba lafiya? Ke ce? Ko gada ce ta karye mota ba ta zuwa?

Tun da na karanta wasiƙarki ta ƙarshe hankalina bai kwanta ba. Tef? A kicin? Na koma na ɗauko ta farko na sake bi a nutse, ga shi nan kin rubuta ɓaro-ɓaro: tef rawaya a aljihu, yana kallon wajen rafi, yana son ganin gidan. Gidan, Briseida. Kin faɗa min komai, ni kuma namiji kawai na gani a takardar. Da na karanta da hankalina da na ce ki kai shi can bayan coci ki nuna masa gidan wasu.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In ma fushi kike yi da ni, ki rubuto ki ce fushi nake yi.

Aracelis

Portobelo, 15 ga Agusta

Yaya,

Kowa lafiya, ba wanda ya kwanta. Wasiƙunki duka sun zo. Kunya ce ta hana ni amsawa. Sau huɗu ina farawa ina yagawa.

Sun zo ranar ashirin ga Yuli, mutum uku da gwangwanin fenti. Ba su yi rashin kunya ba, har sun gaida Kaka. Suka rubuta 14 da ja a jikin ƙofarmu, babba, ana hangowa daga gada. Ina tsaye ina kallon fentin yana gangarowa.

A makon ne hoton ya iso. Na gudu da ambulan ɗin bayan gida, na buɗe. Ga ni nan a gefe, ƙarama, rabin fuskata a inuwa. Bangon kuwa ya fito tsaf, kowane rami ana gani. Na juya bayan hoton, don a littafi a nan ake rubuta maganar. An rubuta: "Ragowar ganuwa a cikin gida, wajen rafi. Tsayin yarinyar mita ɗaya da rabi, don kwatance."

Sanda ce ni, Yaya. Da akwai tsintsiya mai tsayina da ita zai jingina.

Akwai 'yar takarda a ciki. Murna yake yi. Wai malamansa sun yi shekaru suna neman inda wannan ɓangaren ganuwar ya bi, sai ga shi ta dalilina an samu, ba zai manta alherina ba. Ban ma jin ya san da fentin. Da mugu ne da abin ya fi min sauƙi.

A famfo mata suna cewa, "Ga amaryar ganuwa nan." Kawu ya yi kwana goma bai kira sunana ba, sai dai "a gaya wa mai karatu abinci ya yi." Ya ce in aka kai mu tudu, wa zai ɗauki kwalekwale a ka ya hau da shi? Kaka kuwa ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ta dai koma wuni a kicin, ko ba ta girki, ta jingina bayanta da bangon.

An ce ranar takwas ga Satumba za a zauna a tsohon gidan kwastan, kowane gida mai lamba ya turo mutum ɗaya ya yi magana. Kawu ya ce shi zai je. Kaka ta ce, "Kai da za ka fara da naushi? Zauna." Sai ta juyo gare ni. Na ce Kaka ni ko a aji aka kira sunana zazzaɓi nake yi. Ta ce, "Ke kika kawo shi, yayarki ta ba da umarni, ni na ja shi har ciki da ƙafata. Mu uku muka yi. Amma ɗaya tana David, ɗaya ba ta da haƙora. Saura ke."

Me zan ce musu? Bangon nasu ne, ko ba haka ba? Yana cikin littattafansu. Don Allah ki zo ki tsaya a madadina.

Briseida

David, 24 ga Agusta

Ƙanwata,

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Na nemi hutu an hana, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa wannan watan. Ba zan yi miki ƙarya in ce ina hanya ba.

Hoton nan ki daina kallonsa. Ni ma an taɓa auna wani abu da ni, wata rana zan ba ki labari ki yi dariya.

Ga abin da za ki yi. Ki ɗauki littafin rubutu ki zauna gaban Kaka ki ce ta gaya miki duk abin da ta sani game da bangon. Ki rubuta yadda ta faɗa. Kada ki sa masa ado irin na littattafanki, ba "zuciya mai ƙuna", ba "hawaye masu zafi". Ranar taron kada ki kalli kowa. Ki karanta kamar yadda kike karanta mata wasiƙuna, kin ga ai a nan muryarki tana fita.

Ki sa takalmina baƙi da ke ƙarƙashin gado.

Yayarki mai laifi,
Aracelis

Portobelo, 10 ga Satumba

Yaya Aracelis,

Gaisuwa daga mu duka, har da Kawu, wanda ya ce in rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Kowa lafiya. Takalminki ya ci min dunduniya.

An yi taron. Gida shida ne masu lamba a bana, mu ne na ƙarshe. Wata mata mai tabarau ce ke shugabanta, da maza biyu. Leonel yana gefe da takardunsa. Da ya gan ni ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke.

Da aka kira goma sha huɗu na miƙe. Layin farko ba wanda ya ji. Wani daga baya ya ce, "Amaryar ganuwa, ɗaga murya!" aka yi dariya. Kaka ta juya ta ce, "Eulogio, in ka ƙara, zan faɗi inda ka samo duwatsun bayan gidanka." Nan take dariyar ta tsaya. Na sake farawa.

Na karanta yadda ta faɗa. Cewa kakar kakarta ta ba da labarin mutanenmu da aka kawo a ɗaure, aka sa su shiga teku har wuya suna yankan dutse, suna ɗaukowa a ka, ruwan toka yana cin tafin hannunsu. Waɗanda suka sa aikin sun shiga jirgi sun tafi, masu aikin suna nan, ga jikokinsu a kan benci. Cewa shekara sittin da ɗaya tana girki a jikin bangon nan. Duk damina tana cire saiwar da ta tsiro a tsaga tun tana kamar zare, duk Oktoba tana shafe shi. Na ƙarshe ta ce in karanta shi da ƙarfi: ku je ku dubi ganuwar gabas da kuka kwashe mutane bara, ku ga itatuwan da suka fara tsaga ta, sannan ku zo ku dubi tawa.

Matar ta cire tabarau ta tambayi Leonel ko haka ne. Ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce haka ne, a duk abin da ya auna a garin nan babu ɓangaren da ya kai namu lafiya. Ya so ya ƙara wani abu, ta ce ya isa.

Shugabannin taron sun shiga ciki sun daɗe. A waje Leonel ya zo ya ce, "Briseida, ban san haka za ta faru ba." Na ce na sani. Na kalle shi sosai, karo na farko. Yaro ne kawai, Yaya, mai tsoron malamansa.

Ga abin da suka yanke. Gida huɗu za su tashi bayan bikin Oktoba. Mu da gidan tsohuwa Hermenegilda an bar mu, amma da sharaɗi. Gidan zai tsaya muddin Kaka tana raye. Ba ƙari, ba sayarwa, ba gado. Ranar da ba ta, a ba mu wata uku mu koma tudu. An karanta, Kaka ta dangwala yatsa.

Muka kama hanyar gida har muka hau gada. Can Kaka ta tsaya ta ce, "Wato zama za su yi su jira mutuwata." Kawu ya ce, "Mama, bar wannan maganar." Ta ce, "A'a, ai na ji daɗi. Su nemi kujera mai kyau. Ceferino, gobe kifi mafi girma nake so, da kai da ƙwai. Zan fara cin abinci da gaske." Kawu ya yi dariya, ya dafa kaina ya ce, "Briseida, ashe akwai murya a cikin nan."

Na san ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma wani abu ya canza. Dā Kaka tana cikin gida ne. Yanzu gidan ne ke cikin Kaka. Ɗazu tana kicin ta yi ɗan tari sau biyu, tarin hayaƙi kawai, sai na ga na ajiye abin da ke hannuna ina saurare. Na leƙa, ashe Kawu ma ya tsayar da ɗinkin komarsa yana saurare. Muka haɗa ido. Ita kuwa ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ina nan, munafukai!"

Ki zo, Yaya. Kada ki jira Kirsimeti.

Ƙanwarki,
Briseida